Ina fate a gidajen abincin Kaduna?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan shafinku na girke-girke da ke fitowa duk ƙarshen mako. Ni mai girkin biki ce a nan Kaduna, da wannan sana'a nake riƙe gidana, don haka shafin ba ya wuce ni, kuma ina yaba ƙoƙarin masu haɗa shi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mako ya bi mako ba abin da muke gani sai shawarma da kek da fiza da soyayyar shinkafa. Ban ce a daina koya wa 'yan mata waɗannan ba, ni ma ina yin su idan an ba ni aiki. Amma fate fa? Dambu fa? Tuwon acca da kwaɗon rama fa? Sai ka ce ba a garin nan ake cin su ba.

Ba shafinku kaɗai ne ya juya musu baya ba. Ka bi titin Isa Kaita ko titin Ahmadu Bello, ko ka tsallaka gada zuwa Barnawa, ka shiga gidajen abincin nan masu ƙofar gilashi da na'urar sanyaya ɗaki. Za a kawo maka dafa-duka da kaza, soyayyen dankali, sakwara da miyar agushi, in ka yi sa'a ka samu tuwon shinkafa da miyar taushe. Da wuya ka ga fate. Baƙon da ya sauka daga jirgin ƙasa a Rigasa, in ya ce a kai shi ya ci abincin garin, yawanci wurin mai tsire ko mai balangu za a kai shi. Tsiren Kaduna yana da daɗi, amma ai akwai irinsa a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Abin da aka san ƙasar Zazzau da shi, har abokan wasa ke tsokanarmu a kansa, fate ne, kuma shi ne muke ɓoyewa.

Wanda bai iya fate ba yana ɗauka tsaki ne kawai aka watsa a ruwa. Ba haka ba ne. Tun daga ɓarza masara ake gane gwana, domin in tsakin ya yi laushi fate zai koma kunu, in ya yi girma kuma ganye zai narke tsakin bai nuna ba. A wanke shi a rege, a fitar da dusa da tsakuwa. A ɗora ƙashi mai ɓargo ko busasshen kifi da wake su yi nisa, sannan a zuba jajjagen attaruhu da tattasai da albasa, a sa daddawa, a sa dakakkiyar gyaɗa wadda ita ce ke ba shi maiƙo da gardi. Tsakin da kaɗan-kaɗan ake barbaɗa shi ana juyawa don kada ya yi gudaji. Yakuwa ita ke kawo ɗan tsamin nan da ke sa mai mura ya ji bakinsa ya buɗe, in ta yi yawa a kashe ta da 'yar kanwa. Rama takan riga alayyahu shiga, alayyahu da lawashi sai an kusa saukewa, don su fito da korensu. Wasu suna yanka gauta saboda ɗan ɗacinsa, ni ina cikin masu sa shi. A ƙarshe a ɗiga man shanu a kai. A tukunya guda an haɗa hatsi da wake da gyaɗa da ganye kala-kala. Ina abincin da ya fi wannan gina jiki a cikin waɗanda ake sayar mana da tsada?

Akwai wani dalilin da ya sa nake ganin bai kamata Kaduna ta yi wasa da fate ba. Garin nan gari ne na haɗuwa. Tun da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, jirgin ƙasa da barikin soja da aikin gwamnati suka yi ta jawo mutane, suka tarar da Gbagyi da doyarsu. Da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, sai ga Tibi da Idoma da Nufawa da Yarabawa da Barebari da mutanen kudancin jihar suna cin abinci a rumfa ɗaya a bakin ƙofar kamfani. Masaƙun sun durƙushe, kuma tun rikicin 2000 kowa ya san yadda kogi ya raba zaman garin, wasu suka tattara arewa, wasu kudu. Duk da haka, matar Tudun Wada da matar Sabon Tasha tukunya iri ɗaya suke ɗorawa. Wannan da tsakin masara, waccan sau da yawa da acca, amma yakuwar ɗaya ce, gyaɗar ɗaya ce, gautan ɗaya ne. Abubuwan da suka rage mana waɗanda ɓangarorin biyu ke kira nasu ba su da yawa, fate yana ciki.

To me ya kore shi daga gidajen abinci? Babban dalili kunya ce. An ɗora masa sunan abincin talaka, abincin ƙauye, abin da ake yi idan wata ya yi nisa. Ina ganin wannan a wurin aikina. Uwar amarya za ta zo ta ce mini, "Hajiya, don Allah kar a ba mu kunya gaban dangin ango," ma'ana a cika kuloli da shinkafa kala biyu da kaza. In na lallashe ta ta yarda aka ajiye kula ɗaya ta fate ko dambun zogale a gefe, ita ce ke fara ƙarewa, kuma manyan matan da suka sha leshi su ne ke aiko yara a ƙaro musu. Ana son abin, ba a son a ga mutum yana so ne kawai.

Masu gidajen abinci ma suna da nasu uzurin, kuma ba zan ƙi faɗa ba. Fate ba ya jure jira. In ya daɗe a kula yakan yi kauri, ganyen ya dushe, ba kamar shinkafa ba da za a dafa da safe a yi ta ɗumamawa har dare. Dambu kuma yana cin lokaci, turarawa sau biyu a madambaci ga gyaran zogale. Amma wannan matsala ce mai magani. A sa masa rana da lokaci, a ce duk Juma'a bayan an sauko masallaci ko duk Asabar da hantsi akwai fate, in ya ƙare ya ƙare. Masu waina ai haka suke yi, kuma kowa ya san lokacin da zai je ya same ta da zafinta. Su kuma 'yan'uwana mata da ke sayar da shi a bakin tasha da cikin kasuwa, gaskiya sai an gyara. Zuba abinci mai zafi a farar leda da wanke kwanuka a ruwa ɗaya tun safe suna korar mai saye, suna kuma ƙara wa fate baƙin jinin da bai ci ba bai sha ba.

Acca tata wahalar daban ce. Ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai, ba ta fi yashi girma ba, kuma da yashin take zuwa daga masussuka. Kafin ta shiga tukunya sai an surfa, an bushe, an rege ta a ƙwarya sau da yawa, in aka yi ganganci mai ci ya ji ƙasa a haƙori, daga ranar ya yi sallama da ita. Wannan aiki shi ya sa matan birni suka guje ta. Yanzu kuwa da masu ciwon suga suka taso nemanta, sai ga ta a manyan kantuna an gyara an ɗaure a leda da farashin da ya fi na shinkafa. Manomin da ya shuka ta a kudancin Kaduna bai ga wannan riba ba. Ga kuma iburu, 'yar'uwarta da ake nomawa a ƙasar Zazzau, wadda yaran yanzu da yawa ko sunanta ba su taɓa ji ba.

Haka zancen yake ga citta. Najeriya tana cikin manyan ƙasashen da ke noma citta a duniya, kuma mafi yawanta daga Kachia da Jaba da Kagarko take fitowa. Ana loda ta a buhu a kai Legas a fita da ita waje. A 2023 cuta ta faɗa wa gonakin citta ta yi mummunar ɓarna, manoma suka tafka asara, iri ya yi wuya, mu masu girki muka ji a jikinmu domin kuɗinta ya yi tashin da ba mu taɓa gani ba. Da wace fuska za a ce a jihar da ke da wannan citta, da raken Makarfi da mazarƙwailarsa, da tsamiya da zoɓo da aya, da kindirmon Fulanin Ladduga, abin da za a fara miƙa wa baƙo shi ne lemon kwalba? Kunun aya da zoɓo sun ɗan samu shiga, na yarda, amma yawanci an cika su da suga da kayan ƙamshin kanti har ainihin ɗanɗanonsu ya ɓace.

Daddawa ce ta fi ba ni tausayi. Mai yin ta sai ta dafa kalwa kusan yini guda, ta surfa, ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe ta kwana biyu zuwa uku har ta yi, sannan ta kirɓa ta shanya. Magi ya zo ya sauƙaƙa wa kowa, har ta kai wasu amaren ba sa ajiye daddawa a kicin wai tana wari. Ita kanta ɗorawar da ke ba da kalwa ana ta sare ta ana gawayi. Miyar kuka ba daddawa kuwa ai ruwan kuka ne kawai.

Ba don marmarin da kaɗai nake wannan magana ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowane magidanci ya san yadda cefane ya koma. Alkamar da ake yin fulawar burodi da taliya da shawarma, mafi yawanta daga waje ake shigo da ita, duk motsin dala sai ya taɓa ta. Masara kuwa ga ta a Saminaka da Giwa da Soba. Ita ma ta yi tsada, ban musa ba, amma mudu ɗaya na tsaki in aka yi fate da shi yana ciyar da bakunan da mudun shinkafa ba zai ciyar ba, ganyen kuma ko a bayan ɗaki ana iya shuka shi. Uwar gidan da ba ta iya shi ba an rage mata hanya ɗaya ta rufin asiri.

Saboda haka, ranka ya daɗe, roƙona shi ne ku ware ko da mako ɗaya a wata ga abincin jihar nan. Kada a kwafo daga intanet. A tura wakiliya ta zauna da tsofaffin mata a Zariya da Kafanchan da Kagoro da Birnin Gwari, ta ga yadda suke yi da idonta, ta rubuta sunan abincin da harshen masu shi, Bajju ne ko Ham ko Atyap ko Gbagyi ko Fulatanci, sannan ta yi bayani da Hausa. A ba mu awo da mudu da gwangwani da ludayi, domin ba kowace mace ce ke da sikeli a kicin ba. In kun samu gidan abincin da ke sayar da fate ko tuwon acca cikin tsafta, ku faɗa wa masu karatu inda yake, saura za su yi koyi in sun ga ana ciniki. Idan wakiliyar taku tana son wadda za ta zaga da ita wurin masu tsaki da daddawa da ganye, ta zo ranar Talata mu shiga kasuwar Kawo tare, ba zan karɓi ko kwabo ba.

Na gode da wannan dama. Allah Ya ƙara basira.

Taku mai karatu,
wata mai girkin biki daga Unguwar Dosa, Kaduna