Wasiƙa zuwa ga Inna daga Riyad

Assalamu alaikum Inna,

Ina gaishe ku ke da Baba, da mai jego da ɗan baƙonmu. Barkanmu da arziki, Allah Ya raya shi. Ni lafiyata ƙalau, sai aiki, alhamdu lillahi.

Inna, wata magana ce ta hana ni barci. An ce mini ranar Talata yaron ya yi ta tsala kuka wajen wanka har bayansa ya yi ja, wai Gwaggo ce ta ɗebar masa daga tukunyar mai jego. Don Allah a daina. Wancan ruwan na Auta ne da ganyen darbejiyarta, fatar jariri ba ta kai tamu kauri ba. A fara zuba ruwan sanyi a baho, a sirka da na zafi, a juya sosai, sannan ki tsoma gwiwar hannunki. In kin ji ɗumi kawai kamar na jiki, ya yi. Likitar yaran gidan nan ta ce kada ya wuce digiri 37 zuwa 38.

Na san za ki ce mu bakwai kika wanke babu wanda ya ƙone. Gaskiya ne, kuma a hannunki na koya. Shekara uku ke nan ina wanke 'ya'yan wasu, uwar ɗakina ba ta yarda kowa ya taɓa ɗanta sai ni. Ga ɗan ƙanwata ko ɗaukarsa ban yi ba. Bari dai.

Cibiyar kuma kada a gasa ta da tsumma, kada a shafa man goge baki ko toka. Maganin cibiya da ake bayarwa a asibiti ya isa, ita da kanta za ta faɗi cikin mako ɗaya ko biyu. In ta yi ja, ko tana ruwa tana wari, ko jikinsa ya yi zafi, ku kai shi asibitin Barau Dikko a ranar, kada a jira Baba ya dawo.

Yanzu hunturu ya kama Kaduna. A bari rana ta fito, a rufe taga, a aje tawul da kayansa kusa kafin a tuɓe shi. Minti biyar ya wadatar. A tsane masa wuya da hammata, a sa hula. Kaskon gawayi kada ya kwana a ɗaki a rufe, hayaƙinsa na kisa. Kuma ko sallama aka yi a ƙofa ana cikin wanka, kada a bar shi a baho, a fita da shi a hannu. Ruwan da bai kai tsawon yatsa ba ya isa ya halaka jariri. Ban yarda a bar wa yaran gida tsaronsa ba.

Na turo dubu 90 ta asusun Baba. Dubu 30 na baho da tawul biyu da sabulun jarirai marar ƙamshi, a Kasuwar Bacci za a samu. Sauran na itacen wanka da naman mai jego. Kada Yaya ya ji labarin kuɗin nan, na watan jiya har yau bai faɗi inda suka shiga ba. Baho sabo nake so, ban da na wanki. Na sake faɗa, a hannun Baba kawai.

Ki lallaɓa Gwaggo, kada ta ce daga Saudiyya nake koya mata raino. A turo mini hotonsa a cikin bahon.

'Yarki.