In sallama gidan gadonmu yanzu, ko in ƙara jira?

Assalamu alaikum Malam. Ina gaishe ka da ma'aikatan wannan shiri, Allah Ya saka da alheri. Ni malamin sakandare ne a nan Kano, mazaunin Gwammaja, ina da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Don Allah a sakaya sunana.

Bara mahaifinmu ya rasu, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana gidan da aka haife mu a ciki. Tsohon gini ne, rabi ƙasa rabi bulo, amma da yake yana bakin titi, 'yan kasuwa sun sa masa ido don su rushe su yi shaguna. Dillali ya kawo wanda ya taya naira miliyan 40. Mu biyar ne, maza biyu mata uku, sai Hajiya. In an raba, Hajiya ta ɗauki tumuninta miliyan 5, mu maza goma-goma, mata biyar-biyar, tun ba a cire la'ada ba.

'Yan'uwana duk suna gidajensu, kowa kuma da lalurarsa. Ban ga laifinsu ba da suke matsa mini, haƙƙinsu ne. Sai dai ni da iyalina da Hajiya ne a cikin gidan, duk ranar da aka ce an sallama, a ranar za mu fara neman inda za mu sa haƙarƙarinmu.

Na haɗa nawa da nata a lissafi, miliyan 15 ke nan, na shiga yawo da dillalai. Malam, abin da na gani ya tsorata ni. Wani gida mai ɗaki uku a Rijiyar Zaki, miliyan 13 aka ce mini. Bayan wata biyu na koma, mai shi ya ce ko 17 sai ya yi shawara, ai da kuɗin ba zai iya gina irinsa ba. Gaskiyarsa kuwa. Buhun siminti da bai kai dubu 5 ba a farkon 2023, bayan cire tallafin mai da faɗuwar naira sai da ya haura dubu 10 a 2024. Masu gidaje sun ƙi saki, masu saye irina aljihu bai kai ba. Tsorona shi ne in riƙe kuɗi a hannu ina nema, farashi na gudu ina bin sa a baya, har kuɗin su narke a haya.

An nuna mini fili a wajen Janguza, awon igiya, da sauƙin kuɗi. Takardarsa ta ciniki ce kawai da sa hannun mai unguwa da shaidu. Babu shaidar mallaka ta gwamnati, ban kuma san ko KANGIS, hukumar da ke rajistar filaye a Kano, ta san da shi ba. Tun rusau ɗin gine-gine da gwamnatin Kano ta yi a 2023 gabana ke faɗuwa da irin wannan. Wani abokin aikina ya ce in nemi rancen asusun gidaje na ƙasa mai ruwa kashi 6 cikin 100, amma zuciyata ba ta kwanta da maganar riba ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Hajiya. Shekara arba'in da wani abu tana gidan nan. Kullum da la'asar sai ta shimfiɗa tabarma ƙarƙashin darbejiyar da Baba ya dasa, maƙwabta su shigo a yi hira. Ranar da dillali ya zo da igiyar awo, ba ta ce uffan ba, ta shige ɗaki ta saki labule. Da dare ta kira ni ta ce kada in bari a yi rigima saboda ita. Ban runtsa ba a daren.

Malam, ya halatta in roƙi 'yan'uwana su jinkirta rabon har in samu wurin da za mu koma, ko hakan tauye musu haƙƙi ne? Zan iya sharɗanta wa mai saye ya ba mu wata shida kafin mu tashi, a rubuta a takarda? Sannan tsakanin ƙaramin gida ginanne kusa da gari da filin awon igiya a bayan gari, wanne ka ga ya fi wa mai tsohuwa a hannu? Mai sayen ya ba mu zuwa ƙarshen wata.

Wassalam.
Ɗan'uwanka a Musulunci, daga Gwammaja.