Wasiƙa zuwa ga aminina kan altanetar motarsa ƙirar MGB

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Wasiƙarka ta iso ni, na kuma daɗe ina kallon hoton da ka haɗo da ita. Motar ta yi kyau ƙwarai. Wanda bai san yadda ka ɗauko ta ba, ba zai yarda cewa ƙirar 1973 ce ba. Shekara uku kana fama da tsatsa da fenti, ga shi yau ta tsaya da ƙafafunta. Allah ya sa albarka.

Amma abin da ya sa na zauna rubuta maka wannan doguwar amsa shi ne layin nan na ƙarshe, inda ka ce ka yanke shawarar cire altanetarta, wato na'urar da ke cajin batir, ka sa mai amfiya 120 domin a huta da matsalar wuta gaba ɗaya. Don Allah ka dakata kafin ka saya. Na bi wannan hanyar da tawa motar, kuma akwai abubuwan da na so a ce wani ya gaya mini tun kafin in ɗauki sifana.

Koken naka na gane shi. Da daddare, ana ruwa, kana cikin cunkoso, fitilu sun yi ja kamar garwashi, waifa tana jan jiki da ƙyar, jan kwan caji na dashbod yana ɗan haskawa, washegari ka murɗa makulli sitata ta yi nishi. Duk mai tsohuwar mota ya san wannan daren. Sai dai ka tuna da zamanin da aka ƙera ta. MGB ta fara fitowa daga Abindon ta Ingila a 1962, kuma na farko-farkon ma dainamo ne a jikinsu mai ba da amfiya 22 kacal. Sai wajen ƙarshen 1967 aka koma altaneta. Taka, idan ba a taɓa canza ta ba, ka duba jikinta za ka ga ɗaya daga cikin jerin ACR na kamfanin Lucas: 16ACR tana ba da amfiya 34, 17ACR 36, 18ACR kuwa ta ɗan haura 40. Wannan ya ishi motar a yadda ta fito. Mu ne muka zo daga baya muka ɗora mata kaya.

To ka ɗauki takarda ka lissafa kayan. Fitilun halojin biyu da ka sa, masu wat 60/55, suna shan amfiya 8 zuwa 9. Ƙananan fitilu na gefe da na baya da na dashbod, ka ce 3. Koyil da famfon mai na lantarki, 4 ko 5. Waifa da fankar hita, kowacce 3 ko 4. Fankar lantarki da ka ɗaura wa lagireto ita ce babbar mai ci, wajen 10, kuma lokacin da take tashi tana fizgar fiye da haka. Ka ƙara rediyo. Za ka ga kana wajen amfiya 35 zuwa 40. Ka ga 34 ta gaza, gaskiyarka. Amma mai 55 zuwa 70 ta ɗauke wannan nauyin har da rarar cajin batir. Ina za ka kai 120?

Kuma lambar da ake bugawa a kwali tana da ruɗi. Ana auna ta ne lokacin da altaneta ke juyi 6,000 a minti. Kai kuwa damuwarka tana lokacin da inji ke silo, yana juyi 800 ko 900. Fulin inji ya kusa ninka na altaneta girma, saboda haka ita tana wajen 1,700 ne a lokacin, kuma a nan ba ta ba da ko kusa da abin da aka rubuta. Akwai ma waɗanda aka sake yi wa naɗi domin su ba da babbar lamba a sama, amma a silo ba su fi ƙaramar ba, wani lokaci ma ƙaramar ta fi su. Idan mai sayarwa zai iya nuna maka jadawalin abin da take bayarwa a kowane juyi, ka dubi farkon jadawalin, wajen 1,500 zuwa 2,000. Nan ne amsar darenka na ruwa take.

Yanzu bari in ba ka labarin abin da ya same ni, domin shi ne ainihin dalilin wasiƙar nan. Na sa mai amfiya 65, na mayar da filogin bayanta yadda yake, na tayar da mota, mita ta nuna volt 14.2, na yi murna na rufe bonet. Wata biyu lafiya lau. Dalili kuwa, altaneta ba ta tura wuta da ƙarfin tsiya, abin da aka nema kawai take bayarwa, kuma batir ɗina a cike yake, ba ya neman komai. Sai wata rana na manta fitila a kunne, batir ya yi ƙasa sosai, aka jona mini waya daga wata mota ta tashi. Batir mai yunwa yana karɓar duk abin da aka ba shi. Ban yi tafiyar minti goma ba na ji ƙaurin roba. Da na tsaya na buɗe, filogin bayan altaneta ya fara narkewa, wayar nan mai ruwan ƙasa ta yi zafin da ba a iya riƙe ta. Har yau idan na tuna gabana yana faɗuwa, domin a tsarin wayoyin motocin nan, mai ruwan ƙasa ita ce mai wuta kullum, kai tsaye daga batir, babu fiyus a tsakani. Da robar ta gama zubewa ta taɓa ƙarfe, kashe makulli ba zai hana komai ba.

Altanetar ba ta da laifi. Ni ne na bar wa wayar da aka auna don amfiya talatin da 'yan kai aikin ɗaukar sittin da biyar, ga bakinta ya saki saboda tsufa. Zafin da waya ke yi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wutar da ke bi ta cikinta. Ka ninka wutar sau biyu, zafin ya ninku sau huɗu. To ka auna 120 a kan wayar da ta haura shekara 50.

Saboda haka ko wace iri ka saya, ka ja sabuwar waya mai kauri daga babban bakin altaneta zuwa notin kan sitata, inda kebul ɗin batir ke sauka. Ga mai 65 ko 70, ni milimita murabba'i 16 na sa, hankalina ya kwanta. Ka matse bakunanta da abin matsewa na gaske, ka rufe su da roba, ka ɗaure ta nesa da salansa da duk wani gefe mai kaifi. Ka sa mata babban fiyus da ya ɗan fi ƙarfin altanetar, kuma ka sa shi ta ɓangaren sitata, domin idan waya ta goge ta taɓa jiki, daga batir wutar da za ta ƙona motar za ta taho. Ka yi sa'a ma MGB ba ta zo da agogon amfiya a dashbod ba. A motocin da ke da shi, duk wutar caji sai ta shiga bayan dashbod ta ratsa agogon ta dawo, kuma a nan ne babbar altaneta ta fi yin ɓarna. Idan kana son ganin abin da ke faruwa kana tuƙi, agogon volt za ka sa.

Wutar da ta fita kuma sai ta dawo. Ka nemo wayar at ɗin da ta haɗa inji da jikin mota, ka kwance ta, ka goge mazauninta har ƙarfe ya yi ƙyalli. Idan ta fara tsinkewa ka canza. In ta lalace, wuta tana neman hanya ta kebul ɗin cok ko na totur, har ka ji sun yi zafi. Sannan kada ka manta batir ɗinka biyu ne masu volt 6 a bayan kujeru, sai dai in wani ya riga ya mayar da su guda ɗaya mai 12. Wayar da ta haɗa su da bakunansu huɗu wuri ne da tsatsa ke ɓuya, don ba kullum ake buɗe wajen ba.

Ni da zan ba ka shawara a jere, da na ce kafin ka kwance noti ko ɗaya ka fara da mita. Mota a kashe tun jiya, batir lafiyayye zai nuna wajen volt 12.6. Ka tayar, ka riƙe inji a juyi 2,000, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4. Sai ka kunna komai, fitila, fanka, hita, waifa, ka sa tsinken mita ɗaya a bakin altaneta, ɗayan a kan batir mai alamar tarawa wanda kebul ɗinsa ke zuwa sitata. Za ka buƙaci doguwar waya don ka kai bayan kujera. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ke ɓacewa a hanya, kuma bai kamata ya kai rabin volt ba. Ka maimaita tsakanin jikin altaneta da kan batir ɗin da ke haɗe da jikin mota. A ƙarshe ka auna a bakin kwan fitilar gaba ita kanta. Ina kyautata zaton a nan za ka sha mamaki. Wutar fitilun tana bi ta makunnin dashbod da na jikin sitiyari da tsofaffin mahaɗai kafin ta iso gaba, kuma kwan halojin idan ya rasa kashi 10 cikin ɗari na volt ɗinsa, haskensa yana raguwa da kusan kashi 30. Rile guda biyu, wato makunnan da ke kai wa fitila wuta ba tare da ta ratsa dashbod ba, ɗaya na doguwar fitila ɗaya na gajeriya, kowanne da fiyus ɗinsa, sun gyara mini haske fiye da yadda sabuwar altanetar ta yi. Makunnin ma ya huta da zafi.

Sai maganar fanbel. Wutar ba kyauta take zuwa ba. Amfiya 70 a volt 14 kusan wat 1,000 ke nan, kuma altaneta tana zubar da kusan rabin ƙarfin da ta karɓa a matsayin zafi, don haka tana cin ƙarfin doki biyu zuwa biyu da rabi daga inji idan tana aiki iya ƙarfinta. Siririn bel guda ɗaya zai iya da wannan. Da ka doshi 100 zuwa sama sai ya fara zamewa yana kuka, kai kuma ka ƙara ɗaure shi, alhali shi ne dai ke juya famfon ruwa. Boris ɗin famfon ne zai biya bashin. Ka bar shi yana lotsawa kamar santimita ɗaya idan ka danna da yatsa a tsakiyar doguwar tazararsa, kuma ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fulolin ka tabbata suna layi ɗaya. Wasu suna sa ƙaramin fuli domin caji ya ƙaru a silo. Yana aiki, amma bel yana samun ƙarancin wurin kamawa, kuma motar da ake kai wa juyi 5,500 irin taka, sai ka lissafa inda altanetar za ta kai a can sama.

Wani ƙaramin abu da ke wahalar da mutane: ka ce kana son mayar da kwayayen dashbod duka LED. Ka yi, amma ka bar jan kwan caji yadda yake. Ta cikinsa ne 'yar wutar farko ke bi, a wayar nan mai ruwan ƙasa da ratsin rawaya, ta je ta tayar da maganaɗisun altaneta. LED ba ya barin isasshiyar wuta ta wuce, sai ka ga ba ta fara caji ba sai ka taka totur sosai, ko ma ta ƙi sam. Kuma duk wanda ya ce maka a cire kan batir inji yana aiki don a gwada caji, ka hana shi. Wannan dabarar zamanin dainamo ce. A kan altaneta, volt yana iya yin tsalle ya kashe dayod da regileta na altanetar da rediyonka a lokaci guda.

Da ni ne kai, irin A127 zan nema, mai 55 ko 65 ko 70. Ita ce ta gaji jerin ACR, yawanci tana zama a mazaunin tsohuwar ba tare da yanka ko walda ba, kuma wanda ya leƙa ƙarƙashin bonet ba zai ga baƙon abu ba. Wannan yana da muhimmanci a wurina, kuma na san kai ma haka, in ba haka ba da ba ka sha wahalar neman ainihin launin fentinta ba. Ka dai riƙa tsohuwar a hannu lokacin saye, ka gwada kunnuwan ɗaurinta da na sabuwar, don akwai ta hagu akwai ta dama. Tsohuwar kuma kada ka yar. Ka goge ta, ka naɗe, ka ajiye tare da fulinta. Wata rana kai ko wanda zai gaji motar zai so ya mayar da ita yadda ta fito.

Ka yi awon nan a ƙarshen mako, ka rubuto mini lambobin guda biyar: batir a kashe, batir a juyi 2,000, asarar ɓangaren wuta, asarar ɓangaren at, da abin da ka samu a bakin fitila. Ka haɗo da hoton bayan altanetar in ga irin filogin da ke jiki, domin akwai masu baki uku, akwai tsofaffi masu baki biyar, kuma jonin ya bambanta. Daga nan zan zana maka yadda na ja tawa wayar.

Ka gaida mini uwargida da yara. Ka ce wa babban ina nan ina jiran ranar da zai fara riƙe maka mita.

Naka har kullum,
Amininka