Rahoton Sakatare na Ƙarshen Shekara: Neman Dangin Mayaƙan Saman Hanyar Takoradi

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan kwamiti, da sauran membobi na gida da na nesa.

Allah Ya kawo mu ƙarshen wata shekara, ga kuma bayanin abin da muka yi da amanar da kuka ɗora mana. Zan fi daɗewa kan aikin neman dangi, don shi ya fi cin lokacinmu da aljihunmu bana.

Saboda waɗanda suka shigo bayan babbar sallah, bari in ɗan koma baya. A watan Yunin 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Faransa ta faɗa hannun Jamus, Italiya kuma ta shiga yaƙi, sai Bahar Rum ta daina biyuwa ga jiragen ruwan Ingila sai da babbar kasada, alhali sojojinta da ke Masar suna kukan rashin jiragen yaƙi. Dabarar da aka yi ita ce a zubo jiragen cikin akwatuna, a sauke su a tashar Takoradi ta Gwalkwas, wato Ghana ta yau, a harhaɗa su a can, sannan matuƙa su ratso da su Afirka ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lami da ake kira Injamena yanzu, Aljunaina, Alfashir, Hartum, har Alƙahira. Ayarin farko ya tashi a Satumban 1940. Tafiyar kusan kwana shida ce in an yi sa'a. Galibi jirgin Blenheim mai inji biyu shi ne madugu, don shi ke ɗauke da mai duba taswira, ƙananan Hurricane na biye da shi. Da gwamnan Chadi Félix Éboué bai ɓalle ya bi Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, a Agustan 1940 ba, da hanyar ba ta ɓulle ba. Nijar kuwa tana ƙarƙashin gwamnatin Vichy ta Faransa mai bin Jamus har ƙarshen 1942, don haka wanda hazo ya ruɗa bayan ya bar Kano ya karkata wajen Damagaram, ba hannun abokai zai faɗa ba. Dubban jirage sun bi wannan hanya, kuma ba duk matuƙan ne suka kai ba. Wani hazo ya ɓatar da shi, wani inji ya sha ƙura ya tsaya masa a sama, wani zazzaɓi ya kwantar da shi a zango bai tashi ba. Akwai 'yan Ingila, da 'yan Kanada, Ostireliya, Afirka ta Kudu da Folan. Waɗanda aka tsinci gawarsu suna kwance a maƙabartun garuruwan da ke kan hanyar. 'Yan Kwamanwel da suka tashi daga Afirka ta Yamma aka neme su aka rasa, sunayensu na jikin ginin tunawa da ke tsibirin Malta.

Babban abin farin cikinmu na bana shi ne wani saje, matuƙi ɗan shekara 22 daga arewacin Ingila, ɗaya daga cikin waɗanda suka rasu a wannan hanya. Ba zan faɗi sunansa ba, don haka muka yi alkawari da iyalin. Mun fara da abin da hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Kwamanwel ta rubuta a kansa: lambarsa ta soja, shekarunsa, sunan mahaifansa da garinsu. Kamar yawancinsu, bai yi aure ba, bai bar baya ba, don haka sai dai a nemi 'ya'yan 'yan'uwansa. A nan Malama shugabar kwamitin bincike ta nuna mana ƙwarewarta. Tun daga 1911 fihirisar rajistar haihuwa ta Ingila ke nuna sunan gidan su uwar jariri, to da ta haɗa sunan uban da na gidan su uwar, sai ga 'yan'uwansa sun fito a jere, cikinsu har da ƙanwa mace. Matsalar mace a can ita ce da ta yi aure sunan gidansu ya ɓace. Ƙidayar 1931 wuta ta cinye takardunta a 1942, ta 1941 kuma yaƙi ya hana a yi. Abin da ya cece mu shi ne rajistar jama'a da aka yi ranar 29 ga Satumban 1939, wadda aka ci gaba da gyarawa shekaru da yawa bayan yaƙi: sai ga sunan ƙanwar an ja masa layi, an rubuta na mijinta a sama da wani alƙalami daban. Daga nan muka bi ta kan haihuwar 'ya'yanta, takardun rabon gado suka nuna mana garin da ta rasu, muka rubuta wa masu binciken tarihin garin wasiƙa muka roƙe su su miƙa tamu ga iyalin. Wata huɗu shiru kamar an shuka dusa. Har mun fid da rai sai ga amsa daga 'yar ƙanwar tasa, dattijuwa da ta haura tamanin.

Wata Asabar da hantsi mu huɗu muka je maƙabartar da aka binne shi, muka share ganye, muka kira ta a waya ta bidiyo. Ta ce mu matso da wayar ƙasan dutsen. Akwai ɗan gajeren rubutu a wurin, irin wanda ake bai wa iyali damar zaɓa, kuma kakarta ce ta zaɓe shi, ta rasu ba ta taɓa ganin inda aka sassaƙa shi ba. Dattijuwar ta karanta shi a hankali, ta sake karantawa, sannan ta yi shiru har muka zaci layin ne ya yanke. Da ta dawo sai ta tambaye mu sunan bishiyar da ke yi wa kabarin inuwa. Muka ce darbejiya. Ta sa muka maimaita mata har ta rubuta shi harafi bayan harafi. Daga baya ta aiko mana da hoton wasiƙarsa ta ƙarshe, inda yake ba mahaifiyarsa labarin ganuwar Kano kamar yadda ya hango ta daga sama, da raƙuman da ya gani a bakin filin jirgi. Kwafin yana cikin akwatin ƙungiya ga mai son gani.

Ba ko'ina muka dace ba. Mun yi gaggawa a kan wani ɗan Kanada, muka rubuta wa iyalin da sunansu da garinsu suka yi daidai da nasa, ashe ba su haɗa komai ba, muka tayar wa wani tsoho hankali a banza. Mun ba shi haƙuri a rubuce, kuma kwamiti ya yanke cewa daga yanzu ba wasiƙar da za ta fita sai takardu biyu mabambanta sun tabbatar da dangantakar. Wani iyali kuma sun amsa cikin ladabi cewa ba sa son a tono musu abin da ya wuce. Mun rufe fayil ɗin, ina kuma roƙon kada kowa ya sake tuntuɓarsu ta Facebook ko ta wata hanya.

A taron tsakiyar shekara wani dattijonmu ya tambaya, kuma yana da hujja, me ya sa muke wahala kan sojojin waɗanda suka mulke mu. Ra'ayina bai sauya ba: baƙon da ya mutu a ƙasarka ya zama amana, kuma wasiƙun da iyalan ke aiko mana tarihin garuruwanmu ne da ba mu da shi. Amma tambayar Baba ta tsaya mini a rai, don ta taɓa inda ke mana ciwo. Wannan saje mun gano jininsa daga nisan duniya saboda takarda ta bi shi tun daga haihuwa har kabari. Su kuwa leburorin da suka sare daji suka daɓe filayen Kano da Maiduguri, da masu gangara duro-duron mai, masu gadi, kuku da direbobi, ina tasu takardar? Mun yi mako guda a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna da kuma Gidan Arewa, muka kuma bi tsofaffin kwafin Gaskiya Ta Fi Kwabo. A fayilolin da suka zo hannunmu, adadin leburori muke gani da kuɗin da aka biya, suna kuwa sai jefi-jefi, shi ma na helma. Ita kanta hukumar kaburburan ta amsa a rahotonta na 2021 cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, galibinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a wurin tunawa ba.

Don haka muka fara bin tsofaffi da rikoda. A wani ƙauye da ke bayan filin jirgi mun zauna a zaure da wani dattijo wanda mahaifinsa ya yi aikin duro a zamanin yaƙin Hitila. Ya sa jikansa ya ɗauko wata tsohuwar adaka, ya warware tsumma, sai ga ɗan ƙarfe mai lamba da uban ke ratayawa a wuya ranar biya, da wata takarda da gara ta ci rabinta. Ya lissafo mana abokan aikin mahaifinsa da unguwanninsu, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Mun yi alkawarin komawa bayan damina, kafin mu koma Allah Ya yi masa rasuwa. Allah Ya jiƙansa Ya gafarta masa. Abin da muka naɗa ranar shi ke nan abin da ya rage, shi ya sa kwamiti ke neman amincewarku a ba wannan ɓangaren kaso mafi tsoka a kasafin baɗi.

Sauran ayyuka a taƙaice. An yi laccar ɗalibai kan saukar jiragen farko a Kano a Nuwamban 1925, da kan Peter Thomas, ɗan Legas da ya zama matuƙi a rundunar saman Ingila ya rasu a hatsarin jirgi a tsaunukan Wales a Janairun 1945. Izinin da muka nema a wani ofis don ɗaukar hoton wasu tsofaffin gine-gine har yau bai fito ba. Sau uku muna zuwa ana ce mana takardarmu ta ɓata. Tafiyar Maiduguri mun ɗage ta saboda halin hanya.

Ma'aji zai karanta lissafi dalla-dalla, amma mafi yawan kuɗin ya tafi ne wajen sayen kwafin takardun haihuwa da na aure, waɗanda da fam ake biya, ga kuma yadda naira take. Masu bashin kuɗin wata-wata su taimaka su biya kafin zama na gaba. Muna kuma neman matasa biyu masu jin Kanuri da Larabcin Shuwa don hirarrakin Borno, duk wanda kuma ya san tsoho ko tsohuwa da iyayensu suka yi aikin filin jirgi, ya ba Malama sunan unguwar yau kafin a tashi.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya