Wace inshora zan yi wa gidana na tafi-da-gidanka a Amurka?

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali. Ina sauraron shirinka ta intanet daga Greensboro, a jihar Karolina ta Arewa, inda mu 'yan Nijar muke da yawa. Ni mutumin Maraɗi ne, direban babbar mota, da mata da yara uku.

Bana Allah ya hore mini na sayi gidan tafi-da-gidanka, irin wanda ake ƙerawa a masana'anta a jawo shi da mota a girke. Da kuɗin adashi da ɗan abin da na tara na biya, ban ci bashin banki ba don gudun kuɗin ruwa. Gidan nawa ne, amma filin da yake kai haya nake biya duk wata, kuma mai filin ya sa a yarjejeniya cewa dole in yi inshorar da za ta biya diyya idan wani ya ji rauni a harabata ya kai ƙara. Wannan kaɗai ce ta zama tilas, sauran zaɓina ne, kuma nan ne kaina ya ɗaure.

Da wakilin kamfanin ya zo, abin da ya fara nema shi ne ɗan jan allon ƙarfen da ke manne a jikin gidan, shaidar cewa an ƙera shi bisa ƙa'idar gwamnatin tarayya da ta fara aiki ranar 15 ga Yuni, 1976. Nawa ƙirar 1998 ne. Sai ya durƙusa da tocila ya leƙa ƙarƙashi, yana jan ɗamarar ƙarfen da ta ɗaure gidan da turaku. Biyu sun yi tsatsa, ya ce in canza su kafin a yi maganar farashi.

Tsari biyu ya ajiye mini. Mai araha, idan gidan ya ƙone ko iska ta kwashe shi, za su biya darajarsa ta ranar da abin ya faru, bayan sun cire kuɗin tsufa. Irin wannan gida kuwa kamar mota yake, yawanci kullum darajarsa sauka take yi, don haka abin da za a miƙo mini ba lalle ya sayi ko rabin wani ba. Mai tsadar kuma zai biya kuɗin sabo irinsa, sai dai abin da zan riƙa zubawa duk shekara ya haura sosai. Ya ce zan iya rage tsadar idan na yarda kason da zan fara biya daga aljihuna ya tashi daga dala 1,000 zuwa 2,500. To Malam, ranar da rufi ya yaye, ina zan samo 2,500 a take?

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, duk tsarin biyu babu ambaliya a ciki. Ita daban ake sayenta, galibi ta shirin gwamnati da ke ƙarƙashin FEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta tarayyar Amurka, kuma sai ta yi kwana 30 kafin ta fara aiki, ba a jira sai hadari ya haɗo. Mun ga abin da guguwar Helene ta yi wa yankin Asheville, a nan jiharmu, a watan Satumban 2024, cikin duwatsu, nesa da teku, kuma akasarin masu gidajen ba su da inshorar ambaliya. Bayan filinmu akwai ƙorama, da ruwa ya yi ƙarfi sai ta kawo har bakin hanya. Ga shi mahaukaciyar iska ta taɓa ratsa gabashin Greensboro a Afrilun 2018.

Uwargida ta dage a yi mai tsadar har da ta ambaliya, ta ce gara a rage cefane. Yayana kuwa ya ce asarar kuɗi ce, in yi ta dolen kawai in yi tawakkali, tun da malamai da yawa suna ganin akwai caca da rashin tabbas a inshorar kasuwa. Na nemi takaful, wato inshorar Musulunci, irin wanda ake yi a Najeriya, ban samu na gidaje a nan ba. Ni dai zuciyata ta fi karkata ga maganar uwargida, saboda nakan yi kwanaki a kan hanya, su kaɗai nake bari a gidan.

Malam, shin wadda ba a tilasta mini ba za ta iya shiga babin larura, ganin cewa wannan gidan shi ne duk abin da na mallaka? Idan kuma aljihu ba zai ɗauki duka ba, wanne zan fifita: mai biyan kuɗin sabon gida ba tare da ambaliya ba, ko mai arahar in haɗa da ta ambaliya? Mai filin ya ba ni zuwa ƙarshen wata in kawo masa takarda.

Allah ya ƙara basira, ya saka da alheri.

Naka,
Mai sauraronka daga Greensboro