Godiya ga Gidan Wayarin da Ba Ya Wasa da Fis

Zuwa ga shugaba da ma'aikatan gidan haɗa wayarin batir na jiragen ruwa da motoci,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun zaɓi mu gode muku a bainar jama'a, domin yabon gwani ya zama dole.

Abin da ya fi burge mu shi ne inda kuke ɗaura babban fis, wato abin da ke ƙonewa ya katse wuta idan ta yi yawa. Mutane na raina batir mai volt 12 don ba ya jan mutum, alhali idan jar waya ta goge ta taɓa ƙarfen mota, ɗaruruwan amfa (ma'aunin yawan wutar da ke bin waya) ne ke kwararowa nan take, roba ta narke, gobara ta tashi. Wayar da ke tsakanin kan batir da fis ba ta da kariya ko kaɗan, shi ya sa ba kwa bari ta wuce inci 7, kusan santimita 18, kamar yadda ƙa'idar E-11 ta ƙungiyar ABYC ta Amurka ta tanada wa jiragen ruwa.

Da kaurin waya kuke auna fis, tunda ita yake karewa. Idan shuɗin fis mai amfa 15 ya ƙone, ba kwa cusa kore mai amfa 30 a gurbinsa, balle ku ɗaure wurin da silin waya. Sai kun gano abin da ya ƙona shi. Wanda ya sa babban fis a kan siririyar waya, ai wayar ya mayar fis.

A batirin litiyam ma kun yi abin da ya dace. Wutar batir ba ta kai da komowa irin ta gida, don haka ƙaramin fis na iya narkewa amma tartsatsi ya ci gaba da tsallake gurbin. Kuna sa nau'in Class T, wanda ke iya katse har amfa 20,000.

Akwai kuma ɗan abin da ba kowa ke lura da shi ba: washa. Kan waya kuke kwantarwa kai tsaye a jikin fis, washa da noti su biyo a sama. Da zarar washar ƙarfe ta shiga tsakani, wurin ya riƙa zafi ke nan, musamman da inbata mai wat 1,000 da ke jan kusan amfa 100. A jirgin ruwa kuwa wayar jan ƙarfe mai silili da rufin kuza kuke sawa saboda tsatsa, kuna lissafa tsawonta zuwa da dawowa, don kada wutar fitilun hanya ta ragu fiye da kashi 3 cikin 100.

Roƙonmu ɗaya: takardar nan da kuke liƙawa a murfin akwatin fis, mai nuna girman kowanne da abin da yake ba wuta, don Allah kada ku daina. Allah ya ƙara basira, ya albarkaci sana'a.

Naku,
Masu duba lafiyar wayarin jiragen ruwa da motoci