Sikila gadon yaƙi da sauro ce, a gyara yadda ake gwajinta

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini kan wata magana da ake yawan ji a Sakkwato idan gwajin sikila kafin aure ya raba saurayi da budurwa, wai jinin gidan su wane ba shi da kyau. Mu da sana'armu ke nan duba jini mun san wannan magana ba ta da tushe.

Sinadarin da ke ɗaukar iska a jajayen ƙwayoyin jini, himogulobin, ƙwayar gado ce ke tsara shi, tana zaune a kan zaren gado na 11. A sikila harafi ɗaya tak ya sauya a rubutun, sai tubali na shida na sinadarin ya zama wani daban. Idan iska ta yi ƙaranci, sinadarin ya harhaɗe kamar tsinke, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Ƙwaya mai lafiya takan yi kwana 120, ta mai SS, wato wanda ya gaji ƙwayar gadon sikila (S) daga uwa da uba duka, da ƙyar take wuce kwana 20. Tushen ciwon ƙashi da ƙarancin jini ke nan.

To me ya hana irin wannan gado ƙarewa? Sauro. A 1954 Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa masu AS, wato masu S ɗaya da lafiyayyar ƙwayar gado (A) ɗaya, sun fi jure zazzaɓin cizon sauro, bincike daga baya kuma ya nuna haɗarin zazzaɓi mai tsanani yana raguwa gare su da kusan kashi 90 cikin ɗari. A ƙasar fadama irin ta bakin Rima, inda damina ke zuwa da zazzaɓi, yaro mai AA yakan faɗa hannun maleriya, mai SS ciwonsa ya ci shi, mai AS ya rayu ya hayayyafa. Shekaru dubbai a haka, yau kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da S, ana kuma haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar kowace shekara. Gidan da ke da S gida ne da kakanninsa suka tsira daga zazzaɓi.

Ba S kaɗai sauro ya bar mana ba. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da wata ƙofa a jikin jajayen ƙwayoyi da ake kira Duffy, wadda nau'in maleriya na vivax ke bi ya shiga, shi ya sa ya yi ƙaranci a nan. A Gambiya, 1991, an gano yara masu alamar garkuwar jiki HLA-B53 sun fi tsira daga zazzaɓi mai tsanani. A Burkina Faso kuma, 1996, an ga Fulani sun fi maƙwabtansu Mosi jure maleriya duk da sauro ɗaya ke cizonsu. Ita kanta ƙwayar maleriya nau'in falsifarom da ke kashe mana yara, binciken 2010 a kan kashin gorila na dazuzzukan tsakiyar Afirka ya nuna daga jikinsu ta tsallako.

Inda ake tafka kuskure shi ne wurin gwaji. Mutane da yawa suna riƙe da takardar O ko B suna zaton sun san matsayinsu. Wannan rukunin jini ne, na ƙarin jini, ba ya faɗin komai game da sikila. Gwajin da ake ɗiga magani a jini a duba ko ƙwayoyi sun lanƙwashe, ko ruwan ya yi duhu, yana nuna akwai S ne kawai, ba ya bambanta AS da SS, kuma ba ya ganin C sam, wato wani sauyin daban na himogulobin. Mai AC zai fita da takarda fes, ya auri mai AS, su haifi mai SC, wanda shi ma nau'in sikila ne. Gwajin lantarki, wanda ke raba nau'o'in himogulobin layi-layi, ya fi, amma sai an jera jinin da aka riga aka san AA, AS da AC ne kusa da na mai gwaji, ruwan sinadarin kuma bai tsufa ba, wuta ba ta ɗauke ana tsakiyar aiki ba. In ba haka ba layukan su cakuɗe, a karanta AS a matsayin AA. Na'urar HPLC ce ke ba da adadin kowane nau'i dalla-dalla. Wanda aka yi wa ƙarin jini ya jira wata uku, domin jinin mai bayarwa zai ɓoye nasa. Jariri ƙasa da wata shida kuma jinin ciki bai gama barinsa ba, gwajin ɗiga magani ba ya aiki a kansa.

Lissafin nan na cewa haɗarin haihuwar mai SS tsakanin masu AS biyu ɗaya ne cikin huɗu shi ma ana yi masa gurguwar fahimta. Idan AS ya auri AS, kowane ciki da nasa rabon, kamar a sake jefa ƙuri'a. Ana iya haihuwar uku a jere masu SS, ana iya haihuwar shida babu ko ɗaya. Kuma mai AS yana kamuwa da maleriya, sauƙi kawai yake samu, don haka gidan sauro da maganin rigakafin da ake raba wa yara da damina sun shafe shi.

Muna kira ga hukumomin lafiya na jiha da su wajabta wa kowane ɗakin gwaji rubuta hanyar da ya bi a jikin takardar sakamako. Iyaye kuma su kai yara gwaji tun suna sakandare, a maimaita a wani wuri na biyu, kafin a kai ga gaisuwar iyaye da haɗa lefe.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan ɗakin gwajin jini,
Sakkwato.